Jirgin ƙasa zuwa filayen jiragen saman Paris: hanyoyi sun ƙaru, amma wa ke biyan kuɗin saurin?

Tun ranar 24 ga watan Yunin 2024, matafiyin da ya sauka a filin jirgin saman Orly yana iya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa daga cikin filin, ya isa Châtelet da ke tsakiyar birnin Paris cikin kimanin minti 25. A arewacin birnin kuma ana ci gaba da aikin CDG Express, wanda aka tsara zai fara jigila a 2027 tsakanin tashar Gare de l'Est da filin jirgin Charles de Gaulle, wanda aka fi sani da Roissy. Hukumomin Faransa na alfahari da ayyukan biyu, sai dai kuɗin tikitinsu ya sake tayar da wata tsohuwar muhawara: ko ya dace mai zuwa filin jirgin sama ya biya ninkin abin da sauran fasinjoji ke biya a kan layi ɗaya?

Maganar ta shafi ɗalibai da ƴan kasuwa da marasa lafiya da masu ziyarar dangi da ke tasowa daga Nijar, Kamaru, Chadi, Benin, Togo da Cote d'Ivoire. A wurin mai lissafi da sefa, bambancin da ke tsakanin hanya mafi araha da mafi tsada daga filin jirgi zuwa masauki yana iya haura jaka 30 a tafiya guda, tun kafin ya sha ruwa a ƙasar.

Abin da layi na 14 ya sauya

Kafin 2024 babu jirgin da ke shiga Orly kai tsaye daga tsakiyar Paris. Matafiyi kan hau RER B zuwa garin Antony, ya sauka da kayansa ya shiga wani ƙaramin jirgi marar direba mai suna Orlyval, ko kuma ya hau bas ɗin Orlybus daga dandalin Denfert-Rochereau, wanda cunkoson hanya kan riƙe shi. Ƙara tsawon layi na 14 da kimanin kilomita 14 ta kudu ya kawo ƙarshen wannan wahala. Shugaba Emmanuel Macron ne ya buɗe shi, wata guda kafin wasannin Olamfik na Paris. Jirgin ba shi da direba, yana bi ta manyan tashoshi irin su Gare de Lyon, Châtelet da Saint-Lazare, ya ƙare a Saint-Denis Pleyel da ke arewa. Fasinjoji sun koma masa sosai, har hukumar sufuri ta soke Orlybus a watan Maris na 2025.

Matsalar tana tashar ƙarshe. A farashin da aka kafa ranar 1 ga Janairun 2025, tikitin metro da RER da jiragen kewayen birni ya koma yuro 2.50, komai nisan tafiya a cikin yankin Île-de-France. Na bas da taram kuma ya koma yuro 2. Amma wanda zai shiga ko ya fita ta tashar Orly, ko ta tashoshin RER B biyu da ke Roissy, tikitin filin jirgi zai saya, wanda aka sa shi a kan yuro 13 a 2025. Tun da yuro ɗaya a tsaye yake a kan sefa 655.957, yuro 2.50 kimanin sefa 1,640 ke nan, yuro 13 kuma kimanin sefa 8,530.

Ma'ana, a farashin 2025 fasinjoji biyu na iya zama a kujera ɗaya daga Châtelet, ɗaya ya sauka a Thiais-Orly, tashar da ke gab da filin jirgi, ya biya yuro 2.50, ɗayan ya ƙara tasha guda ya biya fiye da ninki biyar. Tafiyar ƴan mintoci ce ta riƙa cin yuro 10.50 a shekarar.

Farashin ma bai tsaya wuri ɗaya ba. Lokacin da aka buɗe tashar Orly, tikitinta yuro 10.30 ne, na RER B zuwa Roissy kuma yuro 11.80. Gyaran 2025 ya haɗe su a tikiti ɗaya, ya kuma ɗaga su duka. A daidai lokacin da mazauna garuruwa masu nisa suka samu sauƙi, domin a da wasunsu kan biya har yuro 5 zuwa Paris, mai zuwa filin jirgi ƙari ya gani.

Hujjar hukuma

Hukumar Île-de-France Mobilités, wadda shugabar yankin Valérie Pécresse ke jagoranta, ita ke yanke farashi. Hujjarta ta dogara ne a kan yadda ake ɗaukar nauyin sufuri a yankin. Kuɗin tikiti da na kati ba su wuce kimanin kashi ɗaya cikin uku na abin da ake kashewa wajen tafiyar da jiragen ƙasa da bas-bas ba. Kusan rabi yana fitowa daga wani haraji da kamfanoni da ma'aikatu ke biya bisa albashin ma'aikatansu, sauran kuma daga asusun yanki da gundumomi da birnin Paris. Baƙon da ya zo na mako guda bai zuba komai a waɗannan asusu ba, don haka hukumar ke ganin adalci ne ya biya abin da ya fi kusa da ainihin kuɗin ɗaukarsa. Da wannan hujja aka ɗaga tikitin metro daga yuro 2.15 zuwa yuro 4 a lokacin Olamfik, daga 20 ga Yuli zuwa 8 ga Satumbar 2024.

An kuma tanadi kariya ga mazauna yankin. Katin Navigo na wata, wanda ya kai yuro 88.80 a 2025, yana aiki har cikin Orly ta layi na 14 da Roissy ta RER B ba tare da ƙarin ko sisi ba, kuma doka ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya mayar masa da rabin kuɗin katin. Dubun-dubatar masu aiki a filayen biyu, daga masu shara da masu ɗaukar kaya zuwa masu gadi da masu dafa abincin jirage, da wannan kati suke zirga-zirga.

Sai dai hujjar tana da gurbi. Ba kowane mai sayen tikitin filin jirgi ne ɗan yawon buɗe ido mai kuɗi ba. Akwai tsohon ma'aikaci mai fansho da ba ya riƙe katin wata, da mai aikin wucin gadi, da matar gida da za ta raka mahaifiyarta filin jirgi ta dawo, wadda a farashin 2025 zuwa da dawowa kan ci mata yuro 26, kimanin sefa 17,000. A al'adar mutanen Afirka ta Yamma ba a barin baƙo ya nemi hanya shi kaɗai, ana tararsa ana kuma raka shi, saboda haka kuɗin kan hau kan mutum biyu ko uku a madadin ɗaya.

Zaɓin mai sauka a Orly

Orly ya ƙara muhimmanci ga matafiyan Sahel tun watan Agustan 2023, lokacin da Air France ya dakatar da zuwa Yamai, Bamako da Wagadugu. Mai tasowa daga Yamai yanzu sai ya ratsa ta wata ƙasa, kuma waɗanda suka bi ta Kasablanka da Royal Air Maroc da yawansu a Orly suke sauka. Kamfanin Corsair ma daga Orly yake tashi zuwa Abijan da Kwatano.

Hanya mafi sauƙi ita ce layi na 14, wanda tikitinsa ya kasance yuro 13 a 2025. Tikitin yana aiki na tsawon awa biyu, kuma mai shi na iya sauya jirgi zuwa wani layin metro ko RER ba tare da sake biya ba, ko da masaukinsa yana can wajen birni. Wannan ya sa ga wanda zai wuce garuruwa masu nisa tikitin bai kai yadda ake zato tsada ba.

Hanya mafi araha ita ce taram na T7, wanda ke tsayawa a gefen Orly 4, kuma tikitin taram na yau da kullum, wanda ya kasance yuro 2 a 2025, ake shigarsa da shi. Yana kai mutum Villejuif-Louis Aragon, ƙarshen layin metro na 7, cikin kimanin rabin awa. Akwai ma gajeriyar hanya: a sauka daga taram ɗin kusa da kasuwar Rungis, inda yake haɗuwa da tashar Chevilly-Larue ta layi na 14, a sayi tikitin metro na yau da kullum a shiga jirgin da aka guje wa a filin. A farashin 2025 jimillar ta kasance yuro 4.50, kimanin sefa 2,950, wato ragin yuro 8.50 ga mutum ɗaya. Abin da ake biya a madadin kuɗin shi ne lokaci da jan akwati, kuma mai manyan jakunkuna biyu da yaro a hannu ba lalle ya ga ribar hakan ba.

Orlyval har yanzu yana aiki, da tikitin filin jirgi ɗin nan, kuma ya fi amfani ga wanda zai nufi garuruwan kudu da ke kan RER B, kamar Antony ko Massy. Taksi kuwa farashinsa a ƙayyade yake zuwa cikin birnin Paris: a jadawalin 2024, yuro 36 zuwa unguwannin kudancin kogin Seine, yuro 44 zuwa na arewacinsa.

Zaɓin mai sauka a Roissy

Roissy ne ya fi karɓar jiragen da ke zuwa kai tsaye daga Injamena, Duwala, Yawunde, Lome, Akara, Abuja da Legas, da kuma masu ratsowa ta Santambul ko Addis Ababa. Fasinjoji kimanin miliyan 70 ne suka bi ta cikinsa a 2024, fiye da ninki biyu na Orly mai kimanin miliyan 33.

Babbar hanyarsa ita ce RER B, mai kai mutum Gare du Nord cikin kimanin rabin awa, wanda tikitinsa ya kasance yuro 13 a 2025. Daga nan tasha biyu ce a layi na 4 zuwa Château Rouge, unguwar da ƴan Afirka ke sayen kayan miya da atamfa da kayan kwalliya. Ga mai son tsimi akwai bas mai lamba 350 da mai lamba 351, waɗanda ake shiga da tikitin bas na yau da kullum, amma sukan ɗauki fiye da awa guda. Taksi a jadawalin 2024 yuro 56 ne zuwa arewacin kogi, 65 zuwa kudancinsa, wato kimanin sefa 36,700 da 42,600.

A nan lissafi yake juyawa gwargwadon yawan matafiya. Mutum ɗaya, jirgin ƙasa ya fi masa da nisa. Manya huɗu kuwa, a farashin 2025, za su biya yuro 52 a RER B, taksi kuma 56, ya kai su har bakin ƙofa da kayansu. Uba da uwa da yara biyu ƴan ƙasa da shekara goma, waɗanda ke biyan rabin kuɗi, za su kashe yuro 39 a jirgi a farashin 2025. Tsarin da aka ce an yi shi don rage motoci a kan hanya yana tura iyali mai yawa zuwa mota. Amma a lura, ƙayyadadden farashin taksi ya tsaya ne a cikin birnin Paris. Mai zuwa Montreuil, Saint-Denis ko Créteil abin da mita ta nuna zai biya. Masu tarar mutane a zauren fitowa suna tallan mota kuma ba taksin hukuma ba ne, na hukuma layi suke bi a waje.

CDG Express: minti 20 a kan yuro 25

Sabon jirgin zai yi tafiyar kilomita 32 cikin minti 20 ba tare da tsayawa ba, yana tashi kowane minti 15 daga ƙarfe biyar na asuba zuwa tsakar dare. Kilomita takwas ne kawai sabon layi, sauran 24 a kan layin dogon da ke akwai zai bi. Kamfanin filayen jiragen Paris, ADP, da SNCF Réseau da asusun gwamnati na Caisse des Dépôts ne ke gina shi, da rancen da gwamnatin Faransa ta ba su, wanda ya tashi daga yuro biliyan 1.7 zuwa kimanin biliyan 2.2. Hello Paris, haɗin gwiwar Keolis da RATP Dev, shi zai tafiyar da jiragen. An daɗe ana ambatar yuro 24 a matsayin kuɗin tikiti kafin a tsayar da 25, kimanin sefa 16,400, kuma katin Navigo shi kaɗai ba zai shigar da mutum ba.

Masu goyon bayan aikin suna da hujja mai ƙarfi. RER B yana ɗaukar kusan mutum miliyan ɗaya a rana, kuma yana cikin layukan da suka fi yawan jinkiri a yankin. Jiragen Afirka da yawa da dare suke tasowa su sauka da asuba, sai fasinjojinsu su shiga taragu da manyan akwatuna daidai lokacin da ma'aikatan Villepinte, Sevran da Aulnay-sous-Bois ke rububin tafiya aiki. Kowa yana takura wa kowa. Raba matafiyan sama da masu zuwa aiki, a cewar masu wannan ra'ayi, zai sauƙaƙa wa ɓangarorin biyu. Sun kuma nuna cewa fiye da yuro miliyan 500 na kuɗin aikin an ware su ne don gyara layukan da jiragen yau da kullum ke bi.

Masu adawa, musamman zaɓaɓɓun gundumomin Seine-Saint-Denis da Seine-et-Marne, sun laƙaba masa suna jirgin masu kuɗi. Jirgin zai ratsa wasu daga cikin garuruwan da suka fi talauci a Faransa, inda baƙi ƴan Afirka da ƴaƴansu ke da yawa, ba tare da ya tsaya ko sau ɗaya ba. Mazauna garuruwan sun sha rufe layi a ƙarshen mako da dare saboda aikin, kuma suna tsoron cewa idan aka samu matsala a layin dogo, jirgin masu biyan yuro 25 za a fara ba hanya. Garin Mitry-Mory, ƙarƙashin magajiyarsa Charlotte Blandiot-Faride, ya kai ƙara, kuma a watan Nuwamban 2020 kotun Montreuil ta soke wani ɓangare na izinin muhalli da aka ba aikin, bisa dalilin cewa bai kai matsayin babbar maslahar jama'a da za ta halatta taɓa halittun da doka ta kare ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta rushe wannan hukunci a watan Afrilun 2022. Tun kafin nan, a watan Mayun 2019, ministar sufuri ta lokacin Élisabeth Borne ta ɗage buɗe layin daga lokacin Olamfik zuwa ƙarshen 2025 don kada aikin ya gurgunta RER B, shari'ar kuma ta ƙara tura shi zuwa 2027.

Ga matafiyi, tambayar ita ce me ƙarin kuɗin, wato yuro 12 a kan farashin RER B na 2025, zai saya masa. Idan komai ya tafi daidai, minti 10 zuwa 15 zai rage, wato kusan yuro ɗaya a kowane minti. Zai samu wurin ajiye kaya da kujera da kwanciyar hankali, waɗanda ba ƙaramin abu ba ne bayan kwana a jirgi. Amma Gare de l'Est ba masaukin kowa ba ne, sai ya ƙara tikitin metro. Kuma jirgin a tasha ta 2 kawai zai tsaya, inda jiragen Air France masu dogon zango ke sauka. Wanda ya zo da Turkish Airlines ya sauka a tasha ta 1 sai ya fara hawa ƙaramin jirgin cikin fili na CDGVAL, wanda kyauta ne amma yana cin lokaci. Manya huɗu kuwa za su biya yuro 100, kusan ninki biyu na kuɗin taksi.

Darasin Orlyval, Landan da Toronto

Paris ta taɓa gwada jirgin filin jirgi mai tsada ta ga yadda ya ƙare. An buɗe Orlyval a watan Oktoban 1991 da jarin ƴan kasuwa, bisa hasashen cewa miliyoyin matafiya za su biya kuɗi mai yawa don guje wa cunkoso. Fasinjojin da suka zo ba su kai ko kusa da hasashen ba, kamfanin ya durƙushe cikin shekara guda da ƴan watanni, RATP ta karɓe shi a 1993, asusun jama'a ya ci gaba da tallafa masa.

A Toronto ta ƙasar Kanada, jirgin UP Express ya fara aiki a watan Yunin 2015 a kan dalar Kanada 27.50, yana yawo kusan babu kowa a ciki. A watan Maris na 2016 aka rage kuɗin zuwa dala 12, fasinjoji suka ninka kusan sau uku. A Landan kuma Heathrow Express, wanda ke aiki tun 1998 kuma tikitinsa ya kai fam 25, ya gamu da kishiya a 2022 lokacin da layin Elizabeth ya fara kai mutane tsakiyar birni da kuɗi kaɗan ba tare da sauya jirgi ba.

Irin wannan kishiya tana jiran CDG Express. Layi na 17 na sabon tsarin Grand Paris Express an tsara zai isa Roissy wajen 2030, ya haɗa shi da Saint-Denis Pleyel, inda layi na 14 ke ƙarewa. Layi na 18 kuma zai haɗa Orly da Massy da Saclay har zuwa Versailles. Idan aka ci gaba da tsarin da ake kai, mai katin Navigo zai shiga waɗannan layuka ba ƙarin kuɗi. Rancen yuro biliyan 2.2 kuwa da kuɗin tikiti da wani ɗan haraji a kan tikitin jiragen da ke amfani da Roissy ake sa ran biyansa. Wannan na nufin matafiyin da bai taɓa shiga CDG Express ba ma zai ba da nasa kason ta tikitin jirgin samansa, kuma idan fasinjoji suka gaza, gwamnatin da ta ba da rancen ce za ta ɗauki asarar.

Tarkunan da baƙo kan faɗa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shiga da tikitin metro na yau da kullum a tsakiyar birni da nufin zuwa filin jirgi. Ƙofar shiga za ta buɗe, amma ta fita a Orly ko Roissy ba za ta buɗe ba, kuma masu duba tikiti na iya cin mutum tarar da ta ninka kuɗin tikitin gaskiya. Rashin sani ba ya hana tara.

Na biyu, tikitin takarda yana ɓacewa. Ana loda tikiti ne a katin Navigo Easy, wanda ake saya yuro 2, ko a wayar hannu, kuma kowane matafiyi da nasa katin, ba a haɗa mutum biyu a kati ɗaya. A farkon 2025 matafiya da dama sun gano cewa katin da ke ɗauke da ragowar tikitin metro ba ya karɓar tikitin filin jirgi, sai sun sayi wani katin.

Na uku, akwai katin mako da baƙi da yawa ba su san da shi ba. A 2025 kuɗinsa yuro 31.60 ne, ana loda shi a katin Navigo Découverte na yuro 5 wanda ake manna wa ƙaramin hoto, kuma yana aiki a duk yankin har da filayen jirgin biyu. Jimilla yuro 36.60, kimanin sefa 24,000. Wanda zai sayi tikitin filin jirgi na zuwa da na komawa da katin Navigo Easy ya riga ya kashe yuro 28 a farashin 2025, don haka shiga metro sau huɗu kawai ya isa katin mako ya fi masa riba. Sharaɗin shi ne makon daga Litinin yake farawa ya ƙare Lahadi, ba daga ranar saye ba, kuma bayan Alhamis ba a sayar da na makon da ake ciki. Ɗan kasuwar da ya sauka Litinin ya koma Asabar ya ci riba, wanda ya sauka Juma'a kuwa bai samu ba. Hukumar takan sake duba farashi a farkon kowace shekara, don haka alƙaluman na iya ɗan hawa, amma tsarin lissafin yana nan.

Abin da Dakar da Abuja za su duba

Muhawarar ba ta tsaya a Turai ba. A Senegal, jirgin TER ya fara aiki a watan Disambar 2021 tsakanin Dakar da Diamniadio, tafiyar kilomita 36, da tikiti daga sefa 500 zuwa 1,500, taragun alfarma kuma 2,500. Kashi na biyu na aikin, wanda aka ƙaddamar a watan Maris na 2022, ƙarin kilomita 19 ne zuwa filin jirgin Blaise Diagne. Jirgi ɗaya ne ga mai zuwa kasuwa a Thiaroye da mai zuwa kama jirgin sama, wato tsarin layi na 14 ke nan, ba na CDG Express ba, kuma tambayar da Paris ta amsa da yuro 13 ita ce ke gaban mahukuntan Dakar game da tashar ƙarshe.

A Abuja kuma an ga ɗayan gefen matsalar. Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe jirgin da ke haɗa tsakiyar birni da filin jirgin Nnamdi Azikiwe a watan Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, bai dawo ba sai watan Mayun 2024, inda gwamnatin Bola Tinubu ta sa a riƙa shiga kyauta na tsawon watanni don jawo fasinjoji. Rancen bankin Exim na Sin da aka gina layin da shi kuwa yana nan ana binsa, ko jirgi ya yi tafiya ko bai yi ba.

Abin da waɗannan birane suka nuna shi ne jirgin filin jirgin sama yana rayuwa ne idan mazauna gari da ma'aikatan filin suna shigarsa kullum, domin matafiyan sama kaɗai ba sa cika taragu daga asuba zuwa dare. Layi na 14 ya cika wannan sharaɗi tun ranar farko, shi ya sa ƙarin kuɗin tashar Orly bai hana shi cika ba. CDG Express kuwa an gina shi ne a kan matafiyan sama zalla, kuma daga 2027 za a ga ko mai saukowa daga Duwala ko Injamena da akwatuna biyu zai yarda ya ba da sefa 16,400 don minti 20, alhali RER B na jiransa a ƙarƙashin gini ɗaya a kan kusan rabin kuɗin.